Yadda ake sa wa doki, kare ko kyanwa ƙwayar shaida, da yadda ake duba zafin jikinsu da ita

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana jayayya a kan dabba a gaban sarkin zango ya san yadda zancen yake tafiya. Wannan ya ce dokinsa ne, akawal ne mai ɗan fari a goshi. Wancan ya ce ai akawal mai fari a goshi daga Argungu zuwa Kamba sun fi a ƙirga. A nemo shaidu, shaidu su rabu gida biyu, daga ƙarshe a koma ga rantsuwa. Haka abin yake a wajen mafarauta in kare ya ɓace a daji, bayan wata uku aka gan shi yana bin wani. Lalas da tsagar kunne da kakanninmu suka dogara da su suna aiki har gobe, sai dai lalas ana iya ɗora wani a kansa, kunne kuwa wuƙa ɗaya ta isa ta sauya masa fasali.

Ina da doki ɗaya a nan Birnin Kebbi, da karnukan gadi biyu, da wata kyanwa da yara suka hana a kora, kuma duka huɗun suna ɗauke da ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata. Ita ce likitocin dabbobi suke kira maikurocif, ko cif a taƙaice. Sa ta a jiki shi ne ƙaramin aikin, ko minti ɗaya ba ya cika. Abin da aka yi kafin allurar da bayanta shi yake sa ta yi amfani ko ta zama asarar kuɗi.

Abin da take yi da abin da ba ta yi

Girmanta kamar ƙwayar shinkafa ne, tsawon milimita 12, kauri wajen milimita 2. Kwanson gilashi ne na musamman wanda jiki ba ya ƙi, a cikinsa akwai siririyar wayar tagulla a naɗe da ɗan ƙanƙanin allon lantarki mai ɗauke da lamba. Ba ta da batir. In aka kawo na'urar karantawa, wato sikana, kusa da fata, sikanar tana sakin igiyar rediyo. Naɗin tagullar nan ya zuƙi ƙarfi daga igiyar, ƙwayar ta farka, ta faɗi lambarta. Ana janye sikana sai ta koma barci. Rashin batir ɗin ne ya sa take kai wa ƙarshen rayuwar dabba ba a sake ta ba.

Kuma wannan rashin batir ɗin shi ne amsar tambayar da kowa yake fara yi mini: in an sace, zan ga inda yake a waya? A'a. Ba ta magana da tauraron ɗan Adam, ba ta magana da turken sabis. Muryarta ba ta wuce 'yan santimita kaɗan daga fata. Na san dalilin da ya sa mutanenmu na Danko-Wasagu da Sakaba, da maƙwabtanmu na Anka da Maru, suke fatan jin wata amsa daban, wanda aka kora wa garke yana da haƙƙin ya yi wannan fata. Amma duk wanda ya ce zai sayar maka da ƙwayar allura mai nuna wuri a taswira, kuɗinka yake so. Na'urar bin sawu daban take: babba ce, a wuya ake rataya ta, tana cin caji, ɓarawo kuma yana iya yanke ta. Ƙwayar shaida amfaninta yana zuwa ne ranar da aka ga dabbar, aka ce kawo hujja. Masu tsoron cewa da ita Turawa za su riƙa leƙen gidajenmu su ma su kwantar da hankalinsu, abin da ba ya jin kira daga taku ɗaya ba zai kai rahoto Amurka ba.

Mataki na farko: zaɓen ƙwaya

Iri biyu za ka tarar. Akwai mai lamba kawai, akwai mai lamba haɗe da ma'aunin zafi. Ta biyun ta fi tsada, fitacciya a cikinsu ita ce Bio-Thermo ta kamfanin Destron Fearing. Ra'ayina shi ne: kyanwar gida da karen gadi mai sauƙin kai, mai lamba kawai ta ishe su. Doki, da kare mai faɗa wanda sai an tara ƙarti uku kafin a sa masa ma'auni a dubura, su ne mai auna zafi take biyan kuɗinta a kansu.

Ko wacce ka zaɓa, duba jikin ledar ka ga an rubuta ISO 11784 da 11785, da FDX-B, da 134.2 kHz. Wannan shi ne tsarin da duniya ta daidaita a kai. Akwai tsofaffin ƙwayoyi masu 125 kHz da aka daɗe ana amfani da su a Amurka, wasunsu lambarsu tara ce ko goma, har da haruffa a ciki. Sikana da yawa ba ta ganin su, kada araha ta ja ka. Lambar ƙwaya mai kyau alƙaluma 15 ce cif, ba harafi ko ɗaya. Ukun farko suna nuna ƙasa ko kamfani: 566 Nijeriya, 562 Nijar, daga 900 zuwa 998 kuwa na kamfanoni ne, misali 985 ta Destron Fearing ce. In ka ga ta fara da 999, ta gwaji ce, ba a yi ta don a bar ta a jikin dabba ba, mayar musu da kayansu.

Kowace ƙwaya tana zuwa ne a cikin allurarta, a rufe a leda, da ranar ƙarewar tsabtarta, da 'yan takardu masu manni ɗauke da lambar. Ledar da ta huje ko ta jiƙe, a bar ta. Akwai kuma ƙarama mai tsawon milimita 8 da siririyar allura, ta fi dacewa da 'yar kyanwa ko ƙaramin kwikwiyo.

Mataki na biyu: sikana kafin komai

A nan mutane suke tafka kuskure. Mutum ya yi odar ƙwaya ta intanet, a sa wa kare, sannan ya fara tambayar wa yake da abin karantawa a garin. Juya tsarin. Fara sanin sikanar da za ka riƙa amfani da ita, a hannun wa take, sannan ka sayi ƙwaya. Tambayi asibitin dabbobi na gwamnati da yake kusa da kai, ko likita mai zaman kansa, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in hanya ta bi da kai. Yi tambayar ta waya tukuna, kada ka ɗora doki a mota a kan zato.

Sikana ta ninka ƙwaya kuɗi sau da yawa, don haka ba dole kowa ya mallaki tasa ba. Masu dawakin unguwa ɗaya, ko ƙungiyar mafarauta, su yi karo-karo su sayi guda, a ajiye a hannun wanda ba ya yawan tafiya. Sharaɗi ɗaya: in ƙwayarka mai auna zafi ce, tabbatar sikanar ma an yi ta don nuna zafi. Sikana ta gama-gari lambar kawai za ta ba ka, zafin ya tafi a banza.

Mataki na uku: ranar allura

Likitan dabbobi ya kamata ya sa, ko ma'aikacin da aka horar yana aiki ƙarƙashin likita. Allurar tana da kauri, ta fi ta rigakafi nesa ba kusa ba, kuma a kusa da ƙashin baya ake aiki. An samu inda hannun da bai ƙware ba ya tura ta cikin laka, dabba ta shanye. Abin da zan bayyana a nan don ka san abin da idonka zai bi ne yayin da ake yi, ba don ka ɗauki allura da kanka ba.

Dabbar ta kasance lafiya lau a ranar. Kwikwiyo da 'yar kyanwa ana iya sa musu daga mako 8. Zaɓi safiya kafin rana ta buɗe, dabba ta fi natsuwa, ƙuda ma bai yi yawa ba.

Kafin a buɗe leda, a yi abu biyu. Na ɗaya, a bi jikin dabbar duka da sikana, a hankali, daga ƙeya zuwa kafaɗu, gefen wuya biyu, ƙirji, har zuwa hammata. Dalili: ƙila tana da ƙwaya tun da. Karnukan ƙasashen waje da ake saye daga Legas ko Abuja, da dawakin da suka ratso iyaka, wasunsu da ita suke zuwa. Ƙwaya biyu a jiki ɗaya rikici ne, sikana ta faɗi wannan yau, gobe ta faɗi waccan. Na biyu, a karanta sabuwar ƙwayar tana cikin ledarta, a gwada lambar da ta fito da wadda take kan takardun manni, alƙalami bayan alƙalami. Kai ka riƙa karantawa da ƙarfi, likita yana dubawa.

Ga kare: a sa masa takunkumi ko da bai taɓa cizon kowa ba. Wanda ya saba da shi ya rungume ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗayan ya tallafi kai. Wurin allura shi ne tsakiyar baya, tsakanin allunan kafaɗa biyu. A goge wurin, likita ya kama fatar da yatsu ya ɗaga ta kamar bukka, ya shigar da allurar a gindin bukkar tana kwance, bakinta mai gaɓa yana kallon sama, har ta shige ƙarƙashin fata sosai. Sai ya tura matsin sirinji har ƙarshe. Yanzu ga wurin da ya fi muhimmanci: lokacin zare allura, ya matse fatar da yatsu a bakin hujin, ya riƙe na ɗan lokaci, don kada ƙwayar ta biyo allura ta fito. A wasu ƙasashen Turai gefen hagu na wuya suke sawa, shi ya sa na ce a bincika ko'ina.

Kyanwa ma wuri ɗaya ne da kare, bambancin a riƙo yake. A naɗe ta da tawul mai kauri, a bar kafaɗu kawai a waje. Wanda ya raina farcen kyanwa bai taɓa riƙe ta ana mata allura ba.

Doki nasa daban ne, kuma a nan ba na yarda da kowa sai likita. Ba ƙarƙashin fata kawai ake ajiye ta ba, cikin kakkaurar jijiyar nan da take bin saman wuya ake sa ta, a ɓangaren hagu, tsakiyar tazarar da take tsakanin ƙeya da inda wuya ya haɗu da baya a gaban sirdi, 'yan yatsu ƙasa da tushen geza. A aske gashin wurin, a wanke sosai da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Likitoci da yawa sukan fara da 'yar allurar kashe zafi. A riƙe shi da ragama a fili, ba a ɗaure a turke ba, don in ya zabura kada ya karya wuyansa ko ya matse mutum da bango. Mai kula da shi ya tsaya a ɓangaren da likita yake, yana masa magana. Allurar a miƙe take shiga, ba a kwance ba irin ta kare. Tsabta a nan ba abin wasa ba ce, ƙurji a wuyan doki yana daɗewa bai warke ba, kuma doki dabba ce da cutar sandarewar jiki, wato tetanus, take kamawa da sauƙi, don haka a tambayi likita batun rigakafinta a ranar.

An gama? A duba cikin allurar a ga ba komai, a duba ƙasa, a shafa gashin wurin. Sannan a sake karantawa da sikana a jikin dabbar, lamba ta fito kowa ya gani.

Wannan karatun na ƙarshe ni na taɓa tsallake shi. Ranar da aka sa wa karyata, batirin sikanar ya mutu bayan mun karanta leda. Likitan ya ce, "Alhaji, bari a nemo batir mu tabbatar." Na ce haba Likita, ai a gabana ka tura ta, ina sauri. Da muka koma gida yara suka yi ta murza wurin suna neman su ji shinkafar da aka ce an sa mata. Bayan mako biyu muka bi jikinta kaf, shiru. Ko a asibitin ta faɗi, ko yatsun yara ne suka turo ta, Allah masani. Na sayi wata, na kuma biya kuɗin aiki karo na biyu.

Saboda haka kwana ɗaya zuwa biyu na farko a bar dabba ta huta: ba wanka, ba farauta, ba kilisa, ba taɓa wurin. Ɗigon jini kaɗan ba komai ba ne. Kumburi mai zafi, ko mugunya, ko doki ya ƙi sunkuyar da kai ya ci, a koma wa likita. Bayan mako biyu a sake karantawa. Wani lokaci ƙwaya takan gusa daga inda aka sa ta, ta gangaro kafaɗa ko ƙirji. Ba ta cutarwa, sai dai a rubuta sabon wurin a kati.

Mataki na huɗu: rubutu

Babu sunanka a cikin ƙwayar, babu lambar wayarka, babu sunan garinku. Alƙaluma 15 ne kawai. In aka tsinci karenka a Jega aka karanta, abin da zai fito ke nan, kuma in ba inda aka haɗa lambar da sunanka, daidai take da lambar motar da ba ta da takardu.

A Ingila, inda doka ta wajabta sa wa karnuka tun Afrilun 2016, kyanwoyi kuma tun Yunin 2024, akwai rumbunan ajiya da ake shigar da lamba a ga mai dabba nan take. Mu a nan gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin NAITS na yi wa dabbobi shaida a 2022, ta kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, amma hankalin waɗannan yana kan dabbobin kiwo ne. Mai kare da mai dokin hawa shi zai gina wa kansa hujja, kuma ba wuya.

Takardun mannin nan, liƙa ɗaya a katin rigakafin dabbar, likita ya sa hannu da hatimi da kwanan wata a kusa da ita. Ɗaya ta shiga littafin asibitin. Ɗaya a littafin ƙungiyarku in kuna da ita, ko a ajiye tare da takardun gida. Sannan ka ɗauki hoto ɗaya wanda ya haɗa abu uku: fuskar dabbar, fuskarka, da allon sikana lamba tana haske. Tura hoton ga mutum biyu ta WhatsApp, don waya tana faɗawa ruwa, kuma ranar da aka tura hoton ita kanta shaida ce. A katin a ƙara siffa da kalmominmu: kili ne ko bidi, danda ne, ina fari yake, ina tabo yake. Akwai rumbunan intanet na ƙasa da ƙasa da suke karɓar kowace lamba mai bin tsarin ISO. Shiga ɗaya ba laifi, amma kada ka ɗauka ɗan sanda ko alƙali a ƙaramar hukuma can zai fara dubawa. Kati mai hatimin likita da littafin da aka rubuta tun kafin rigima ta taso, su ne suke magana a nan.

Mataki na biyar: koyon karanta zafin jiki

Mai auna zafi ba ta ajiye tarihi. Zafin wannan daƙiƙar da aka kawo sikana shi take faɗa, ba ta san abin da ya faru da tsakar dare ba. Kuma zafin naman da yake kewaye da ita take ji, ba na can cikin ciki ba. Alƙaluman da likitoci suke aiki da su kuwa na dubura ne. Ga su a ma'aunin Salshiyas, ga dabba baliga tana hutawa: kare da kyanwa daga 38 zuwa 39.2, doki daga 37.5 zuwa 38.5, jaki yakan yi ƙasa da doki kaɗan. Kare ko kyanwa ya kai 39.5 a inuwa, zazzaɓi ne. Doki ya haura 38.6 bai yi gudu ba, a sa ido. Kare ya kai 41, a bar komai a nemi likita.

Matsalar ita ce yanayinmu. A watan Afrilu a Birnin Kebbi, rana tana wuce digiri 40. Baƙin kare ya kwanta a rana, bayansa ya gasu, ƙwaya ta ce zazzaɓi alhali ƙalau yake. Da asubahin hunturu kuma, iska ta busa wuyan doki, fata ta yi sanyi, ƙwaya ta ce lafiya alhali ciki yana tafasa. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin kwantar maka da hankali yake yi.

Maganin abin shi ne ka san dabbarka tun tana lafiya. Ware mako guda. Sami ma'aunin zafi na lantarki irin na kemis, ka keɓe shi don dabba, da ɗan basilin, da littafi. Kullum sau biyu, bayan sallar asuba da bayan la'asar sakaliya, a lokaci ɗaya. Dabbar ta yi aƙalla rabin awa a inuwa, ba ta yi gudu ba, ba a yi mata wanka ba. Karanta da sikana sau uku a jere, ka ɗauki na tsakiya. Nan take ka auna ta dubura: shafa basilin, shigar da kan ma'aunin kamar santimita 2 zuwa 3 ga kare, ka ɗan karkata shi ya taɓa bango don kada ya nutse cikin kashi, jira ya yi ƙara. Ga doki, tsaya a gefen ƙugu kana manne da shi, ba a bayansa ba, ka ɗage wutsiya gefe. Rubuta alƙaluman biyu kusa da juna.

Bayan kwana bakwai za ka ga tazarar da take tsakaninsu. A ce ƙwayar dokinka kullum tana nuna 37.2 da safe, ma'auni yana nuna 37.8. To ka gane cewa ranar da ƙwaya ta ce 38.1 da asuba, wanda a takarda lafiya ne, ga dokinka ba lafiya ba ne, ya tashi da kusan digiri guda. Maimaita wannan makon sau uku a shekara, bazara da damina da hunturu, domin tazarar tana sauyawa da yanayi. Daga nan aikin kullum ya zama na daƙiƙa biyar: wuce da sikana, rubuta. Ranar da lamba ta kauce daga abin da ka saba gani, ko ta ce lafiya amma dabba ta ƙi abinci, ɗauko ma'auni. Ni a wajena ƙwaya 'yar rahoto ce, ma'aunin dubura shi ne alƙali.

Inda na fi ganin ranarta shi ne bayan taro. Hawan sallah, ko bikin kamun kifi na Argungu, ko sukuwa, dawaki daga barga daban-daban su sha ruwa wuri ɗaya, su yi atishawa a fuskar juna. Cututtukan numfashi da zazzaɓi suke fara sallama, kafin tari da majina. Mako biyu bayan dawowa, a karanta safe da yamma. Wanda zafinsa ya tashi a ware shi da bokitinsa. Da damina kuma akwai cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba suke yaɗawa, ita ma da zazzaɓi mai tsanani take farawa. Sammore da ƙudan tsando yake kawowa zazzaɓinsa zuwa yake yana tafiya, awo ɗaya yana iya kuskure shi, amma littafin kwana goma zai nuna hawa da saukar, kuma likita zai ji daɗin ganin littafin. A kare, zazzaɓi tare da dasashi ya yi fari da fitsari ya yi duhu, a fara zargin kaska. Doki da ya dawo daga gudu zafinsa yana hawa, wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne ko yana sauka bayan an kai shi inuwa an zuba masa ruwa.

In ka ga zazzaɓi, inuwa da ruwan sha da kiran likita. Kada ka ba kyanwa farasitamol, ko ɓari ne, kashe ta yake yi. Kare ma kada a ba shi maganin mutane sai da izinin likita. Sannan ƙwaya ba ta gano haukan kare. Kare ya sauya hali, yana dalalar da yawu, yana cizon abin da ya gani, ba lokacin kai hannu da sikana ba ne. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Shanu, tumaki da raƙuma fa?

Dabbar da za a yanka a ci ba a cika yi mata ta allura ba, saboda gilashin yana iya ɓacewa cikin nama. Su ana sa musu ɗan kunne mai lantarki, ko kuma wani dunƙulen tangaran mai ƙwaya a ciki da ake haɗiyar da su, ya zauna a ɓangaren tumbin nan mai zane kamar saƙar zuma. Botswana ta yi shekaru tana amfani da dunƙulen ga shanunta kafin ta koma ɗan kunne. Ga mai fama da ɓarayi dunƙulen ya fi, tun da ba a ganin sa balle a yanke. Raƙumi kuwa kada ka wahalar da kanka da awon zafi ta wannan hanya: in yana jin ƙishirwa jikinsa yana iya sauka zuwa 34 da asuba ya haura 40 da yamma, kuma lafiyarsa lau.

Tafiya da sayarwa

Mai niyyar fita da kare ko kyanwa waje ya kula da jeri: ƙwaya tukuna, sannan rigakafin haukan kare. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa lissafa rigakafin da aka yi kafin a sa ƙwaya, sai an sake. Daga Nijeriya kuma suna neman gwajin jini aƙalla kwana 30 bayan rigakafin, sannan a jira wata uku. Amurka ma tun Agustan 2024 ba ta karɓar kare sai mai ƙwaya, wanda ya kai wata shida. Ko ba ka da niyyar tafiya, bin wannan jerin bai rage ka da komai ba, kuma duk shekara in an je sabunta rigakafi a ce likita ya wuce da sikana a tabbatar tana nan.

Ranar sayarwa, a karanta lambar a gaban mai saye da dillali kafin kuɗi ya sauya hannu. A rubuta ta a takardar ciniki, a miƙa katin, a je littafin asibiti da na ƙungiya a ja layi a kan tsohon suna a rubuta sabo da kwanan wata. Kai da ka sayar ka riƙe hoton takardar. In kuma kai ne mai saye, aka ce maka dokin yana da ƙwaya amma kati ya ɓace, karanta lambar, ka ba dillali kwana biyu ya kai ka wurin likitan da ya sa ta, kuɗinka yana aljihunka har ku dawo.